Zare da Dandali: Yadda Manhajojin Kiɗa Suka Rabu Gida Biyu, 1948 zuwa 2024

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a yau, a Yamai ne ko a Kano ko a Faris, abin da zai fara cin karo da shi shi ne allon kwamfuta, a kan allon kuma akwai manhaja, wato abin da ake kira logiciel da Faransanci. Sunayen da aka fi ji su ne Pro Tools da Cubase da Logic da FL Studio da kuma Ableton Live. An saba kwatanta su irin kwatancin ƴan kasuwa, a ce wannan ta fi arha, waccan ta fi yawan layuka, wata kuma ta fi sauƙin koyo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa Pro Tools ta sitidiyo ce, Live kuwa ta dandali. Hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗi dalili ba, kuma dalilin ne ya shafi mai nazarin tarihi.

A tamu fahimta, kowace ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji amsa ce ga tambaya guda: wa ke riƙe da linzamin lokaci, na'ura ce ko makaɗi? A sitidiyo ana yanka lokaci, a ajiye shi, a dawo gobe a gyara. A dandali lokaci na wucewa sau ɗaya tak a gaban jama'a, abin da ya zube kuma ba ya kwasuwa. A cikin wannan maƙala za mu bi sawun zuriya biyu, wadda ta gaji zaren ɗaukar sauti da wadda ta gaji kayan kiɗa, mu ga inda kowace ta faro, da inda suka haɗu, da abin da haɗuwar ta kasa warwarewa.

1. Gadon zare

Rabuwar ta girmi kwamfuta. A shekarar 1948, a gidan rediyon Faransa da ke Faris, injiniya Pierre Schaeffer ya soma harhaɗa kiɗa daga sautukan da aka riga aka ɗauka, kamar ƙarar jirgin ƙasa. A lokacin da faifan garmaho yake aiki, kuma a nan ya gano cewa in aka rufe layin faifai ya koma kan kansa, allura za ta yi ta maimaita gutsure guda ba iyaka. Wannan gutsure mai zagayawa za mu sake haɗuwa da shi bayan shekara hamsin, a Barlin. Abin lura a nan shi ne matsalar da ta taso ranar 18 ga Maris 1950, sa'ad da Schaeffer da Pierre Henry suka gabatar da aikinsu a gaban jama'a: mutane sun zauna, babu makaɗi ko ɗaya a gabansu, sai na'urori da lasifikoki. Me za su kalla? Amsar da aka samo a 1951 ita ce wata na'ura da Jacques Poullin ya ƙera, wadda mutum ke tsayawa a gabanta yana motsa hannu, yana aika sauti daga wannan lasifika zuwa waccan. Ke nan tun ranar farko an ji cewa kiɗan da aka gama a ɗaki yana buƙatar hannun da zai taɓa shi in an fito da shi fili.

Zaren maganaɗisu, wanda kamfanin AEG na Jamus ya nuna a 1935, kuma kamfanin Ampex na Amurka ya yaɗa daga 1948, shi ne ya ba sitidiyo ikonta na gaske. Ana iya yanka zare da reza, a jefar da kuskure, a liƙe sauran. Daga baya aka raba faɗin zaren zuwa layuka, kowane layi da nasa sauti: Les Paul ya karɓi na'ura mai layi 8 daga Ampex a 1957. Daga nan ganga na iya shiga ranar Litinin, murya ranar Laraba, mai saurare kuwa ya ji kamar tare aka yi su.

Ba a jima ba sai ga masu fasahar da suka zaɓi ɗaki suka bar fage. Glenn Gould, ɗan Kanada mai kaɗa fiyano, ya daina fitowa gaban jama'a a 1964, yana ganin cewa haɗa mafi kyawun gutsattsari daga ɗauka da dama ya fi kusa da abin da yake nufi bisa ga wasan dare guda. Ƴan Beatles sun yi wasansu na ƙarshe na yawon dandali ranar 29 ga Agusta 1966, kuma ko a wannan yawon ba su rera waƙa ko ɗaya daga faifansu na Revolver da ya fito a watan ba. Abin da suka gina a ɗaki ya fi ƙarfin mutum huɗu da ke tsaye da kayan kiɗa.

Siffar zare ita ce manhajojin sitidiyo suka gada dungurungum: lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, layuka na jere daga sama zuwa ƙasa, akwai farko akwai ƙarshe. Har alamomin maɓallan ba a sauya ba. Matashin da bai taɓa riƙe kaset ba yana danna jan ɗigo don ɗauka, ya danna kibau biyu don komawa baya, alhali babu zaren da ke naɗewa a ko'ina.

2. Kwamfutar da ake so ta saurara

Zuriya ta biyu daga ɗakunan bincike ta fito. A 1957, Max Mathews na cibiyar Bell a Amurka ya rubuta manhajar da ya kira MUSIC, wadda ta sa kwamfutar IBM 704 ta lissafa sauti. Abin da aka fara ji bai wuce daƙiƙa 17 ba. Kwamfutocin wancan zamani sun fi ɗaukar lokaci wajen lissafa sauti bisa ga tsawon sautin kansa, saboda haka mawallafin kiɗa kan rubuta lambobi, ya miƙa, ya jira, kana ya ji sakamako. Wannan ba kaɗawa ba ce, wasiƙa ce ake aikawa a jira amsa. Mathews da kansa bai gamsu ba. A 1970 shi da Richard Moore suka fito da tsarin GROOVE, inda kwamfuta ba ta lissafa sautin, sai dai ta bi motsin hannun makaɗi, ta riƙe shi, ta sarrafa na'urar ƙirar sauti da shi nan take.

Inda wannan tunani ya yi jijiya shi ne cibiyar IRCAM ta Faris, wadda Pierre Boulez ya jagoranta, aka buɗe ta a 1977. Boulez yana da ƙorafi a kan kiɗan da ake haɗa makaɗa da zare: zare ba ya jira, ba ya numfashi, dole makaɗi ya zama bawansa. Na'urar 4X, wadda Giuseppe di Giugno ya ƙera, ta iya karɓar sautin makaɗa ta juya shi a daidai lokacin da ake kaɗawa, da ita kuma aka gabatar da Répons a 1981. Saura tambaya mai wuya: ta yaya na'ura za ta san inda makaɗi ya kai? A taron kiɗan kwamfuta da aka yi a Faris a 1984, Barry Vercoe da Roger Dannenberg, kowa da nasa aiki, suka nuna kwamfutar da ke bin makaɗi, in ya yi sauri ta yi sauri, in ya sassauta ta sassauta. Vercoe da mai busa sarewa Larry Beauregard ya yi nasa gwaji. Philippe Manoury ya ɗora Jupiter a kan wannan dabara a 1987, sarewa a gaba, na'ura a biye.

A cikin wannan aiki ne Miller Puckette ya rubuta manhajar da daga baya aka sa wa suna Max, don girmama Mathews. Wanda ya buɗe Max ba zai ga layi ba, ba zai ga farko ko ƙarshe ba. Farin shafi zai gani, inda zai zana akwatuna ya haɗa su da igiyoyi, ya ce in kaza ya shigo, a yi kaza. Wato mutum kayan kiɗa yake ƙerawa, waƙar kuwa sai an hau dandali za ta samu. Kamfanin Opcode ya kai Max kasuwa a farkon shekarun 1990, a 1997 kuma David Zicarelli ya kafa Cycling '74, ya ƙara mata sashen sarrafa sauti da ake kira MSP.

3. Shekarun MIDI, da yadda sitidiyo ta shige cikin kwamfuta

Abin da ya fito da kwamfuta daga jami'o'i zuwa ɗakunan talakawan makaɗa wata yarjejeniya ce tsakanin ƴan kasuwa. A watan Janairu 1983, a wani baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa na'urar Prophet-600 ta Dave Smith da Jupiter-6 ta kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi da igiya guda, ɗaya ta kaɗa ɗaya. Wannan ita ce MIDI. Ya kamata a fahimci cewa MIDI ba ta ɗauke da sauti, umarni take ɗauke da shi: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an saki. Tana da hanyoyi 16, maɓallan an lamba su daga 0 zuwa 127, kuma umarnin danna maɓalli guda yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Da yake umarni ba shi da nauyi, ƙaramar kwamfuta ma na iya riƙe shi.

Kwamfutar Atari ST, da ta fito a 1985, ta zo da ramukan MIDI a jikinta, nan da nan ta mamaye ɗakunan kiɗan Turai. Gari guda, Hambur ta Jamus, shi ya haifi manyan kishiyoyi biyu. Karl Steinberg da Manfred Rürup sun kafa Steinberg a 1984, suka fitar da Pro-24 a 1986, sannan Cubase a 1989. Kamfanin C-Lab ya fitar da Creator da Notator, waɗanda masu rubuta su suka fice suka kafa Emagic, suka haifi Logic a 1993. A nan akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba. Creator da Notator da gutsattsari suke aiki, mutum ya tsara gutsure na ɗaya da na biyu, ya jera su yadda ya so. Cubase ce ta shimfiɗa waƙa gaba ɗaya a kan allo kamar zaren da aka warware, kuma siffarta ce ta yi rinjaye har kowa ya kwaikwaya, da Logic kanta. Ashe hanyar gutsattsari ta wanzu tun a shekarun 1980, kasuwa ce ta ture ta gefe na ɗan lokaci.

A Kalifoniya kuwa, Peter Gotcher da Evan Brooks na Digidesign sautin kansa suka sa gaba. Sound Tools ta fito a 1989, Pro Tools a 1991, da layi 4 kacal a kan kuɗi kusan dalar Amurka 6,000. Abin da ta sayar shi ne yanka ba tare da ɓarna ba: reza in ta yanka zare ta yanka ke nan, amma a kwamfuta asalin sautin na nan, ana iya warware kowane gyara. Kamfanin Avid, mai manhajar tace fim, ya saye Digidesign a 1995, abin da ya ƙara ɗaure Pro Tools da aikin sinima, inda hoto ke mulkin kowace daƙiƙa. A 1999 waƙar Ricky Martin, Livin' la Vida Loca, ta zama ta farko da ta hau saman jerin waƙoƙin Amurka bayan an ɗauke ta an kuma haɗa ta kaf a cikin Pro Tools. A tsakanin nan Steinberg ya fito da VST a 1996, tsarin da ya ba kowa damar rubuta ƴar ƙaramar manhaja ta gyaran sauti a sofa ta cikin babbar, Auto-Tune ta Andy Hildebrand kuma ta bayyana a 1997. Kafin ƙarni ya ƙare, duk abin da ke cikin ɗakin sitidiyo ya sami takwaransa a kan allo.

To amma me ake yi da irin wannan waƙa in an zo dandali? Galibi sai a kunna abin da aka ɗauka, a sa wa mai ganga wani ƙyas-ƙyas a kunne don ya bi takun na'ura. In an wuce gona da iri, har muryar ma daga na'ura take fitowa. Abin da ya sami Milli Vanilli sananne ne: a 1989 sautin da suke fakewa da shi ya maƙale yana maimaita kansa a gaban jama'a, a Nuwamba 1990 kuma, bayan ta tabbata ba su ne suka rera faifansu ba, aka ƙwace lambar Grammy da aka ba su.

4. Batun jinkiri

Kafin mu ci gaba, dole mu ɗan tsaya kan wani lissafi, domin shi ne ƙashin bayan bambancin. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tara ɗigogi take yi a wani ɗan ma'aji, in ya cika ta sarrafa su tare. A ma'aunin faifan CD, daƙiƙa guda na ɗauke da ɗigo 44,100. In ma'ajin na cin 1,024, cikarsa na ɗaukar kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa. In na 128 ne, kusan kashi 3. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka jinkiri na farko tamkar a ce makaɗi yana jin gangarsa daga nisan mita 8 ne, na biyu kuwa daga mita guda. Ƙaramin ma'aji yana rage jinkiri amma yana matsa wa kwamfuta, in ta kasa sai sauti ya tsinke.

Mai haɗa sauti a sitidiyo bai damu ba: ya buɗe babban ma'aji, ya loda gyare-gyare masu nauyi, in na'ura ta sarƙe ya tashe ta ya sha shayi. Ga wanda ke kan dandali, jinkiri na ɓata hannu, tsinkewa kuma abin kunya ce a bainar jama'a. Shi ya sa manyan mawaƙa masu yawon duniya kan tafi da kwamfuta biyu masu gudu tare, da wata na'ura da ke juyawa zuwa ta biyu in ta farko ta yi shiru. Sitidiyo kyau take saye da lokaci, dandali kuwa yakan haƙura da wani kyan don kada sauti ya yanke.

5. Barlin, 2001

Gerhard Behles da Robert Henke makaɗa ne kafin su zama ƴan kasuwa. Tun 1995 suke kiɗan tekno da sunan Monolake, kuma da Max suke ƙera wa kansu ƴan kayan da za su hau dandali da su, domin manhajojin kasuwa na lokacin sai an tsayar da kiɗa kafin a yi wasu sauye-sauye. A 1999 suka kafa Ableton tare da Bernd Roggendorf, ranar 30 ga Oktoba 2001 kuma Live ta fito.

Sabon abin da ta kawo allo ne mai gurabu, kamar na dara. Kowane gurbi na riƙe da gutsuren sauti mai zagayawa, jikan rufaffen layin nan na Schaeffer. Babu wanda ya ƙayyade wane gurbi ne na farko. Makaɗi ne ke taɓa wanda ya ga dama, ya bar shi ya yi ta juyawa muddin masu rawa na so, ya ƙara wani, ya kashe wani. Dabaru biyu suka sa abin ya yiwu. Ta farko ita ce miƙar da sauti ko tsuke shi ba tare da amonsa ya hau ko ya sauka ba, ta yadda gutsattsarin da aka ɗauka da sauri daban-daban za su yi taku ɗaya. Manhajar ACID ta riga ta nuna hakan a 1998, amma a kan shimfiɗar zare. Ta biyu ita ce jira: in makaɗi ya taɓa gurbi kafin lokaci, manhaja na riƙe umarnin har farkon taku na gaba, kana ta saki.

Wannan dabara ta biyu ta cancanci a yi mata kallon tsanaki. Ita ce ta sa kusan ba a iya yin kuskuren taku a cikin Live, kuma ita ce iyakar ƴancin da Live ta bayar. Makaɗi ya karɓe ikon jeri, shi ke cewa me zai biyo me, kuma sau nawa. Amma bugun zuciyar kiɗan yana hannun agogon na'ura. In muka auna da burin IRCAM na 1984, inda na'ura ce ke bin numfashin mai sarewa, rabin linzami aka miƙa. Ga kiɗan rawa na Barlin, wanda da ma a kan taku maras sauyawa aka gina shi, rabin ya wadatar. Sai dai bai kashe tsohuwar tambayar 1950 ba, domin mutumin da ya sunkuya a kan kwamfuta ba a san ko kaɗawa yake ko wasiƙunsa yake karantawa ba. Amsar ta sake zuwa ta hanyar hannu: a 2009 aka fito da APC40 na Akai da Launchpad na Novation, alluna masu maɓallai da ke haske, na biyun da gurbi 64, a 2013 kuma Ableton ta yi nata mai suna Push.

Apple, wanda ya saye Emagic a 2002, wata hanya ya bi. Maimakon ya cusa dandali cikin Logic, sai ya ware masa manhaja ta daban a 2007, MainStage, wadda ba a gina ta kan shimfiɗar lokaci ba: jerin sautuka ne da mai fiyano zai buƙata daga waƙa zuwa waƙa, da manyan alamomi da za a iya hangowa a cikin duhu.

6. Aron juna

Daga nan kowace ta shiga aron kayan kishiyarta. Live ta karɓi MIDI a 2004, ta shigo da Max cikinta a 2009, Ableton kuma ta saye Cycling '74 a 2017. FL Studio, wadda Didier Dambrin ya fara a Beljik da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, ta sami sashen wasan dandali a 2013. Logic ta ɗauki allon gurabu a 2020. A 2021 Live ta koyi aikin Gould, wato zaɓar mafi kyau daga ɗauka da dama, shekara ashirin bayan haihuwarta. A wannan fitowar kuma aka ba ta kunnen da ke sauraren mai ganga ta daidaita saurinta da nasa. In jerin abin da kowace ke iyawa za a duba, kusan babu sauran bambanci. Amma allon da manhaja ke buɗewa da shi da safe, shi ke tarbiyyar mai amfani da ita, kuma wannan bai sauya ba.

7. Abin da ya iso ƙasar Hausa

A nan tarihin ya taɓa mu kai tsaye. Kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a Nijar: Mamman Sani ya ɗauki kiɗan oganarsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai tun 1978. A Kano, waƙoƙin finafinan bidiyo na ƙarshen shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha aka gina su, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nazarta, daga baya kwamfuta ta karɓa, da FruityLoops da Cubase da Auto-Tune. A Sakkwato ne Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin wannan gyaran murya, waƙoƙin kuma suka yaɗu daga waya zuwa waya har suka ƙetare hamada. Abin da ya shigo mana ke nan zuriyar zare ce kusan zalla. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kasuwar kaset da fim ce ta biya kuɗin na'urorin, kuma dandalin da wuta ke iya ɗaukewa a tsakiyar waƙa ba ya ƙarfafa wa mutum gwiwar dogara da kwamfuta. Sakamakon shi ne abin da kowa ya saba gani a wurin biki: a kunna kiɗan da aka gama a sitidiyo, mawaƙi ya hau kai, wani lokaci har da tsohuwar muryarsa a ƙarƙashi.

Mu auna wannan da aikin makaɗin gargajiya, irin su Mamman Shata ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Waƙarsu ba ta da ƙayyadadden tsawo. Akwai gindi da ƴan amshi ke riƙewa, akwai ɗiyan da jagora ke ɗorawa, kuma jerinsu na bin abin da ke gudana a fage: wani babba ya shigo sai a saka shi, wani ya yi kyauta sai a tsawaita nasa, sanƙira ya cusa magana sai a ba shi wuri. Bakandamiyar Shata ma ba ɗauka ɗaya gare ta ba, kuma ɗaukar ba su zo daidai da juna ba. Wannan gini, gindi mai zagayawa da ɗiyan da ake kira in buƙata ta taso, ya fi kama da allon gurabu nesa ba kusa ba bisa ga shimfiɗar zare. Abin mamaki ne a ce al'adar da ta fi kowa sanin wannan tsari ita ce ta karɓi manhajar da ke daskarar da shi.

Kada dai mu yi saurin cewa Live ce magani. Kalangu a hammata ake matsa shi, amonsa na zamewa sama da ƙasa yana bin karin harshe, MIDI ta 1983 kuwa da maɓallan fiyano aka auna ta, tsani mai hawa 12 daidai wa daida. Sai a 2018 aka amince da tsarin MPE da ke barin kowane amo ya zame shi kaɗai, MIDI 2.0 ta zo a 2020, Live kuma ba ta buɗe ƙofa sosai ga wasu ma'aunan amo ba sai a 2024. Haka nan takun makaɗan fada yakan ƙaru in waƙa ta yi zafi, agogon na'ura kuwa bai san zafi ba.

8. Matsalar taska

Saura abin da ya shafi sana'armu ta masu tarihi. Zaren da aka ɗauka a shekarun 1960, irin wanda ke ajiye a taskar IRSH ko ta CELHTO a Yamai, in bai ruɓe ba kuma an sami na'ura, zai yi magana. Fayil ɗin manhaja ba haka yake ba, domin ba ya buɗuwa sai da manhajar da ta haife shi, da ƙananan manhajojin da aka sofa mata, da kwamfutar da za ta ɗauke su duka. Studio Vision ta Opcode, wadda tun 1990 ta haɗa MIDI da sauti a allo guda, ta mutu jim kaɗan bayan kamfanin Gibson ya saye Opcode a 1998. Masu Logic a kan Windows an bar su a hanya a 2002. IRCAM kanta sai da ta sake rubuta ayyukan zamanin 4X don sababbin na'urori, in ba haka ba da ba za a ƙara kaɗa su ba.

Ko a nan ma zuriyar biyu ba hali ɗaya suka bari ba. Fayil ɗin sitidiyo, in ya buɗu, yana nuna waƙar daga farko zuwa ƙarshe, har da ɗaukar da aka ƙi, abin da zai faranta ran mai nazarin matani. Fayil ɗin dandali gurabu ne kawai cike da gutsattsari. Wane aka taɓa a daren Juma'a, sau nawa ya zagaya, me ya sa aka yanke shi, babu ko ɗaya a ciki sai in makaɗin ya tuna ya danna maɓallin ɗauka kafin ya fara. Ɗalibin da zai je sitidiyon Maraɗi ko Tawa neman bayanai, ya kamata ya roƙi abu uku: gamammiyar waƙar, da kowane layi a ware a matsayin sauti tsantsa, da sunan manhajar haɗe da lambar fitowarta. In wurin biki zai je, ya ɗora makirfo ɗaya yana fuskantar jama'a.